Kuɗin da Ke Fita Ba Rasit

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanku da zuwa Minanata. Na san akwai waɗanda suka baro gida tun bayan sallar asuba, daga wajen Kware, Wamakko, Bodinga da Dange. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

Yau ba za mu buɗe akwati ba. Za mu yi magana a kan kuɗin da ke fita daga hannunmu tun kafin su iso akwati: tikitin kasuwa, kuɗin shara, kuɗin wuri, abin da ake karɓa a hanya, da abin da ofis ke ci idan mun je neman takarda. Duk lokacin da aka tambayi mace dalilin da ya sa ta makara wajen biyan rance, za ta ce kasuwa ba ciniki, ko yaro ba lafiya. Gaskiya ne. Amma idan aka zauna da ita aka bi kuɗin ɗaya bayan ɗaya, sai a tarar akwai wata ƙofa da ba ta ƙirga ba, saboda ta saba da ita har ta daina ganinta.

Mu yi lissafi tare, da misali. Mu ɗauka mace ta ari naira 30,000 daga akwati tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana cin kasuwa sau ɗaya a mako. A bakin shiga ta ba da 100 ta tikiti. Ta zauna, wani ya zo ya karɓi 100 ta shara. A hanya an tsayar da mota, direba ya ce masu kaya su haɗo, ta ba da 200. Kafin la'asar wani ya zo da sunan ƙungiya ya karɓi 100. Nawa ke nan? 500. A shekara akwai mako 52, kun ga 26,000 ke nan, kusan duka jarin da ta ara. Idan hannun jari ɗaya a ƙungiyarta naira 200 ne, ta rasa hannu 130 da ya kamata a buga mata a ɗan littafinta. Kowace ta sa nata adadin a wannan lissafi, wata za ta samu ƙasa da haka, wata sama.

Mu ƙara gaba kaɗan. Idan ribarta a ranar kasuwa 2,500 ce, wannan 500 ɗin kashi 20 ne cikin 100 na ribar. A sabuwar dokar haraji ta ƙasa, ma'aikacin da ke samun naira miliyan 3 a shekara harajinsa bai wuce 330,000 ba, wato kashi 11 cikin 100. Mai ƙuli-ƙuli ta fi shi ɗaukar nauyi, kuma shi ana ba shi takarda, ita ko iska. Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai, kuma na san yana ƙona naku.

Kada wata ta koma gida ta ce malamar adashi ta ce a daina biyan haraji. Ban faɗa ba. Kasuwa tana son shara, tana son bayi, tana son mai gadi da rumfa da magudanar ruwa. Waɗanda suka ga gobarar Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021 sun san abin da ake nufi da motar kashe gobara da hanyar da za ta bi ta shiga. Duk da kuɗi ake yin su. Maganata ita ce mu biya abin da yake na hukuma, ga wanda hukuma ta aiko, a kan adadin da aka rubuta, a ba mu shaida. Ku dubi yadda muke yi a namu zaman. Akwatinmu makulli uku gare shi, a hannun mata uku. Kobo ba ya shiga sai masu ƙirga sun ƙirga da babbar murya, sakatariya ta rubuta, kowa ta ji. Wannan tsari mata ne irinmu suka fara shi a yankin Maraɗi a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. To mu da ba mu yarda ma'ajiyarmu, wadda muka sani tun tana budurwa, ta karɓi naira 50 a ɓoye ba, don me za mu miƙa wa baƙo 200 ba tambaya?

Wa ke da ikon karɓar me? Tsarin mulkin 1999 ya sa kula da kasuwanni, tashoshin mota, shaguna da kes-kes, da lasisin keke da amalanke, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, kowace da sashenta na tara kuɗin shiga. Harajin abin da mutum ke samu a shekara kuwa na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ne. Na kamfanoni da VAT na tarayya ne. Tun 1998, a zamanin Janar Abdulsalami Abubakar, aka yi doka da ta jera wane haraji ne na tarayya, wane ne na jiha, wane ne na ƙaramar hukuma. Abubuwa biyu a cikinta nake so ku riƙe. Na farko, ta ce ba mai karɓar haraji da sunan gwamnati sai hukumar da aka ɗora wa. Na biyu, ta hana kowa, har da ita hukumar harajin, ya tare hanya don karɓar haraji, ta kuma sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ga wanda ya yi. Ku tuna da wannan duk lokacin da kuka ga an gitta katako mai ƙusoshi a kan titi. Ba na ce ku sauko daga mota ku karanta musu doka ba. Ina so dai ku san cewa wanda ya tare ku shi ne a kan kuskure, don mace takan ba da kuɗi cikin rawar jiki ne saboda tana zaton ita ce mai laifi.

Ita gwamnati ma ta san da matsalar. Taiwo Oyedele, wanda Shugaba Tinubu ya ɗora a kan kwamitin gyaran haraji a 2023, ya sha faɗa cewa haraji da kuɗaɗen da ake karɓa a hukumance sun haura iri 60, idan aka haɗa da na bayan fage kuma sun haura 200. Manyan 'yan kasuwa sun yi kuka tun kafin mu. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya kudu, kuma cikin buƙatunta har da cire shingayen da ake tatsar direbobi a hanya. Kusan mako guda aka yi. Tumatir da albasa suka yi tsada a Legas, a nan kuma suka faɗi warwas, manomanmu suka kwana ciki. Masu tirela ke nan, da ƙungiya da lauyoyi. Mu masu faranti dole dabararmu ta zama wadda ba za ta ruɓar mana da kaya ba.

Abin da ya fi adadin kuɗin ciwo shi ne yadda ake karɓa. A ɗauke miki mudu. A kife faranti. A ɗaga murya a gaban surukinki da ke wucewa. Da yawanmu kunya ke sa mu biya sau biyu, don dai a rabu lafiya. Wata inna mai daddawa ta ce mini, “Ɗiyata, wanga yaro ɗan maƙwabciyata na, ni ina iya tsayawa gardama da shi cikin mutane?” Na gane. Kuma mu yi musu adalci: da yawa cikin yaran nan ba ma'aikata ba ne masu albashi. An ba wani kwangilar tara kuɗin, shi kuma ya ɗebo matasa ya yanka musu abin da za su kawo kullum, abin da ya haura shi ne abincinsu. Idan muka tsaya zaginsu mun bar jaki muna dukan taiki. Amma yunwarsa ba ta halatta masa jarinki ba.

A nan zan ɗan daɗe, don maganar ta shafi 'ya'yanmu. Mafi yawanmu sana'ar cikin gida muke yi, ba mu ke zuwa kasuwa ba. Yarinya ce ke ɗaukar tallan, mai shekara 10 ko 12. Ita ke haɗuwa da mai tikiti. Ba ta san nawa ne ka'ida ba, ba ta iya gardama da namiji babba ba, kuma ta san idan ta dawo kuɗi bai cika ba akwai faɗa, wani gidan har da duka. Ku sa kanku a matsayinta. An ƙwace mata faranti, an ce ta biyo su ofis ta karɓa. Gida tsoro, gaba tsoro. Yarinyar da ke tsoron komawa gida za ta bi duk wanda ya ce zai cika mata kuɗin, kuma duk mun san inda wannan hanya ke kaiwa. Don haka, don Allah, iyayena, ku gaya wa ɗiyanku tun yau da bakinku: idan an karɓe kaya, ki dawo gida kai tsaye, ba mai taɓa ki. Kada ki bi kowa ofis, ko shago, ko bayan rumfa. Babba ne zai je karɓo kaya. Ku ƙulle mata kuɗin tikiti daban a bakin gyale, ku ce ta kawo takardar. Ni a son raina yarinyar tana aji a wannan lokacin, kuma za mu yi wannan zancen a zamansa, amma muddin tana fita, kada faranti ya fi ta daraja.

Kukan nan ya girme mu duka. Shehu Usmanu, wanda Hubbarensa ke cikin garin nan, a littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari da abin da ake ɗiba daga masu sayarwa a kasuwa cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai. Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, suka tsara haraji ya riƙa bi ta hannun mai unguwa da hakimi zuwa baitulmalin En'e. Tsofaffin da ke cikinmu sun fi ni sanin labarin magidancin da ake shanyawa a rana, da wanda ke tafiya cin rani don kawai ya samo kuɗin haraji. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, har yau ana tuna su da wannan. Shi ya sa talaka ke jin kalmar haraji gabansa ya faɗi. Mai karɓa ba rasit da wannan tsohon tsoro yake cin abinci.

Sai ofis. A kasuwa kuɗinki ake ci, a ofis har da kwanakinki. Na taɓa raka shugabar wata ƙungiya da sakatariyarta neman takardar rajista, don su buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗinsu ya fi ƙarfin a bar shi a akwati. Zuwan farko, oga bai shigo ba. Na biyu, fom ya ƙare. Na uku aka ba mu fom, aka ce hoton kowace mace biyu-biyu, abin da ba a faɗa ba tun farko, su kuwa su 25 ne a ƙauye. Na huɗu ba sabis. Na biyar wani ya ja mu gefe ya ce akwai kuɗin fayil, idan muna so takarda ta motsa. Kowane zuwa kuɗin mota ne na mutum biyu, ga wunin sana'a ya tafi, ga maigida ya fara tambaya wai wace irin takarda ce wannan da ba ta ƙarewa. Shugabar ta ce, “Malama, mu bar musu abinsu, kuɗɗinmu su zauna inda munka saba.” Abin da ya warware mana shi ne wata ma'aikaciya a ofishin, Allah ya yi mata albarka, da muka roƙa ta rubuta mana a takarda duk abin da ake bukata da adadin kuɗin hukuma. Da muka koma da wannan takarda a hannu, mu uku, da wasiƙar mai unguwa, ba wanda ya sake ambaton kuɗin fayil.

Daga ranar na mayar da shi ka'ida, kuma ita nake ba ku. Zuwan farko kowane ofis na tambaya ne kawai. Kada ki je da kuɗi. Ki ce a rubuta miki abin da za ki kawo, nawa ne, a ina ake biya, kwana nawa yake ɗauka. Ki nemi sunan teburin da za ki dawo. Idan hukumar tarayya ce, irin su CAC ko NAFDAC, kuɗinsu ba a hannu ake ba da shi ba. Tun 2015 kuɗin hukumomin tarayya asusu ɗaya na gwamnati yake shiga, ana fitar miki da lamba ki biya ta banki ko ta waya. Duk wanda ya tare ki a bakin kasuwa ya ce shi ɗan NAFDAC ne, ki ba shi kuɗin rajista a hannu, ki riƙe kuɗinki.

Kuma ba kowace takarda ce ta wajaba a kan kowa ba. Masu cewa “kawo in yi miki” suna tsorata mata da rajistar da ba su bukata. A dokar kamfanoni ta 2020, wadda ke sana'a da sunanta na gaskiya, ba ta ƙara masa komai ba, ba dole ba ne ta yi rajistar sunan kasuwanci. Ranar da kika raɗa wa sana'arki wani suna, kika sa allo, ko kike son asusun banki da wannan sunan, ranar ce CAC ta shigo. Lambar NAFDAC kuma za ki ji nauyinta ne lokacin da kika fara zuba yaji ko man gyaɗa a roba da tambari kina kai wa manyan shaguna, don su ba za su karɓa ba sai da ita. Idan ƙungiya ta kai nan, gara a nema tare a wuri ɗaya mai tsafta, da suna ɗaya, a raba kuɗin, da kowace ta je ita kaɗai. Abin da nake so kowace mace ta mallaka tun yanzu shi ne NIN da BVN, kuma sunan da ke kan su ya zama iri ɗaya, harafi da harafi. Na ga matar da aka mayar sau uku saboda a wata takarda Hauwa'u ce, a wata Kulu. Mu a nan mun san suna ɗaya ne, kwamfuta ba ta sani ba.

Akwai jita-jitar da ta shigo ƙauyuka, wai gwamnati za ta riƙa yankar haraji daga duk kuɗin da ya shiga banki, har wasu suka ce a kwaso na ƙungiya a dawo da shi ƙarƙashin gado. Ga abin da ya faru. Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, aka sa 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da sabon tsarin. A cikinsa, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba haraji a kansu. Wato kusan 66,000 a wata, kuma riba ake nufi, bayan an cire kuɗin gyaɗa da itace da niƙa. Mai misalinmu ta ɗazu, ribarta ta shekara 130,000 ce, ko kusa ba ta kai ba. Kuɗin adashi kuwa ajiya ce, kuma haraji a kan abin da aka samu yake. Abin da ake cira da gaske shi ne naira 50 idan an tura 10,000 ko fiye, wannan kuma ya riga sabuwar dokar. Dokokin sun kuma kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Sai dai kada mu ruɗi kanmu: wannan rangwame bai hana mai tikiti tsayawa a ƙofar kasuwa ba, don tikiti kuɗin wuri ne, lissafinsa daban. Kuma ranar da wani zai zo ya yanka miki harajin shekara da ka, abin da zai cece ki shi ne littafin da kike rubuta saye da sayarwa. Wadda ba ta da lissafi, duk abin da aka ce ta samu, shi ta samu.

To me za mu yi? Abu ɗaya nake roƙo, kuma ba ya cin ko sisi: kowace ƙungiya ta buɗe shafin rasit a bayan littafinta.

A kasuwa, idan ya zo, ki gaishe shi. “Ɗana, sannu da aiki. Na wace hukuma ne? Nawa anka rubuta? Ba ni takardata.” Ba faɗa, ba ɗaga murya. Rasit na gaskiya yana da sunan ƙaramar hukuma ko na jiha, da lamba, da adadin kuɗi, da kwanan wata. Ku lura da dabaru uku da aka fi yi: a ba ki na jiya, a yaga ɗaya a raba wa mutum biyu, ko a rubuce 50 a karɓi 100. Wata za ta ce, “Mi za ni yi da takarda, ni da ban yi boko ba?” Inna, ajiyewa za ki yi. Ki samu gwangwanin madara mai murfi ki riƙa jefawa. Ranar zama ki kawo, sakatariya ta karanta da ƙarfi kamar yadda ake karanta zubi. Wanda aka karɓa ba rasit shi ma a faɗa a rubuta, da wurin da ranar. Shi ne ma ya fi muhimmanci.

Idan an ƙwace kaya kada ki riƙe, kada ki ja. Man gyaɗa ya zube an yi asara biyu. Ki dubi wa ke kusa da ya gani, ki riƙe ranar da wurin, ki je wajen sarkin kasuwa ko shugaban layinku a ranar. Ko asusun jin ƙai na ƙungiya zai tallafa wa wadda aka yi wa haka, wannan ku za ku yanke a zamanku, a sa shi cikin dokokinku idan kun amince, kada ya zama sai wadda ke da baki.

Bayan wata uku shafin nan zai yi magana. Mace ɗaya ta je sakatariyar ƙaramar hukuma ta ce ana cutar mu, za a ce Allah ya kyauta, ta dawo. Mata 25 su aiko wakilai uku da takarda mai cewa a kasuwa kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza, mun biya kaza da rasit, kaza ba rasit, ga gwangwanayenmu, wannan dole a zauna a duba. Shi kansa mai kula da kuɗin shiga zai so ya gani, don kuɗin da ba rasit bai iso asusunsa ba, shi ma an cuce shi. Ku fara da sarkin kasuwa da mai unguwa, sannan kansila, sannan sashen kuɗin shiga. Ku nemi abu ƙarami da za a iya yi: a kafa allo a ƙofar kasuwa mai nuna kuɗin kowane irin kaya, masu karɓa su rataya katin aiki, tikiti ɗaya ya wadatar a wuni. Ku bar musu kwafi, ku riƙe na asali, a buga muku hatimin an karɓa. Idan an yi shiru, akwai shirye-shiryen kiran waya a Rima Radio da sauran gidajen rediyon garin nan, kuma wadda ta kira da adadi a hannu ba a katse ta da wuri.

An taɓa yin haka a ƙasar nan, kuma mata ne. A Abeokuta, ƙarƙashin Funmilayo Ransome-Kuti, matan kasuwa sun yi shekaru suna kuka da harajin da aka ɗora wa mata da yadda ake ƙwace musu kaya. Mutane sun fi tuna zaman dirshan da suka yi a ƙofar fada a ƙarshen 1947. Ni abin da ya fi burge ni shi ne sun haɗa kuɗi sun ɗauki akanta ya bi musu lissafin hukumar gargajiya, suka riƙa rubuta takardun koke da hujja. A Janairun 1949 sarkin, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta, ko da yake ya dawo daga baya. An soke harajin matan, mata huɗu kuma suka samu kujera a majalisar riƙon ƙwarya. Mu ba sarki muke son saukewa ba, allo muke nema a ƙofar kasuwa, wanda ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba.

Magana ɗaya ga 'yan uwanmu da suka fito daga gabas, wajen Isa da Sabon Birni, waɗanda wasunsu yanzu suke zaune tare da mu a unguwannin garin nan. Kuɗin da masu bindiga ke ɗora wa ƙauyuka su ma haraji suke kiransa, amma duk abin da na faɗa yau bai shafe shi ba. Ba a tambayar mai bindiga rasit, kuma kada a rubuta sunan kowa ko na wani ƙauye a littafin ƙungiya a kan wannan. Allah ya kawo mana ƙarshensa.

Sakatarori, ku tsaya bayan addu'a da littattafanku da abin ja layi. Za mu ja gida biyar a shafin baya: rana, wuri, wa ya karɓa, nawa, akwai rasit ko babu. A gidan “wa ya karɓa” aikinsa za a rubuta, mai tikiti ko mai shara ko na hanya, ba sunansa ba. Sauran kuma, zama mai zuwa kowace ta zo da gwangwaninta tare da zubinta, ko da takarda ɗaya ce a ciki. Hajiya shugaba, bismillah, a rufe mana da addu'a, masu nisa su samu mota tun rana ba ta yi ba.